Auki Da Tattali: Shin Akwai Ɓarna A Abin Da Ba A Saya Ba?

A hutun ƙarshen shekara na je gida Dogarawa. Washegarin isowata na bi kawuna zuwa garkarsa ta albasa can wajen Galmi, na tarar an yi canji. Injin ban ruwan da na sani tun ina firamare, mai tari da baƙin hayaƙi, yana jingine gindin bedi an lulluɓe shi da tsohon buhu. An kafa pano huɗu bisa ƙarafa suna fuskantar sama, waya ta fito daga bayansu ta nutse cikin foraji, ruwa kuma yana ta kwarara daga tiyo, ba ƙara, ba warin isansi. Sai da kawu ya sayar da bijimi guda da rabin albasar da ya ajiye a rudu kafin kuɗin su haɗu. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Ɗan lakkol, ka ga rana? Tun da aka kafa abin ga ba ta taɓa aiko mini da takardar biya ba."

Na taya shi murna har cikin zuciya, don na san wahalar da ya sha. Amma da rana ta take tsaka sai na lura kowane fangali ya cika ya tumbatsa, ruwa ya tsallake yana bin hanyar shanu, famfon kuma bai fasa ba. Na ce, "Kawu, ba ku kashe shi hakanan? Ai albasa ta ƙoshi." Ya ce, "In kashe mi? Wa na cuta? Kyauta ce Allah ya ba mu."

Da la'asar maƙwabcinsa na garka ya zo suka gaisa. Dattijo ne, har yanzu tsohon inji yake tayarwa a bakin rijiyar da ya haƙa da hannu. Cikin hira ya ce bana tun kafin azahar rijiyarsa take ƙafewa, sai ya zauna ya jira ta tara. Bai ambaci panon kowa ba, kawu ma bai tanka ba. Ni dai na ƙirga da ido, garake biyar da ke kewaye da tasa duk sun kafa pano.

Tun ranar tambayar kawu take bina: wa na cuta? Ita nake so mu tattauna a ɗan littafin nan namu. Ni harshe nake karanta a jami'a, saboda haka ta ƙofar kalmomi zan shiga.

Kalmomin da muke da su

Bahaushe wuta guda gare shi. Da ita ake dafa tuwo, ita ake ɗaukewa a unguwa a bar mu cikin duhu, da ita kuma malam yake tsoratar da mai saɓo. Da lantarki ya zo, mu nan Nijar muka ari kuran daga Faransanci, amma har gobe in an maido shi, "an kawo wuta" yara suke ihu. Ƴan jaridar rediyo kuwa makamashi suka ɗauko, wanda asalinsa ƙirare ne da karan da ake hura wuta da su, suka faɗaɗa shi har ya ɗauki fetur da kwal da iska da rana. Fassarar ta yi aiki, ko da yake ta bar mu da tunanin cewa duk wani ƙarfi abu ne da ake cusawa a murhu ya ƙone.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce kalmar da malaman fizik suke kira rendement tun muna lise. Na tambayi abokai a aji yadda za mu faɗe ta da Hausa, wani ya ce inganci, wani ya ce riba, duk ba su zauna mini ba. A madafa na tsinci amsar. Inna ta auna wata shinkafa da aka sayo, ta dafa, ta leƙa tukunya ta ce, "Wagga ba ta da auki." Ka zuba kaɗan ka kwashi mai yawa, shi ne auki. To ai shi malamin fizik yake nufi: cikin abin da ka zuba wa inji, nawa ne ya fito a matsayin aikin da kake so?

Kusa da auki akwai wata kalma, tattali. Ku lura da yadda muke amfani da su. Ana cewa shinkafa tana da auki, ba a cewa tana da tattali. Ana cewa uwargida tana da tattali, ba wanda zai ce tana da auki. Harshenmu ya raba su tun kafin mu je lakkol: auki halin abu ne, tattali halin mutum ne. Duk abin da zan faɗa gaba a kan wannan rabon yake tsaye.

Inda ƙarfi yake tafiya

Darasi na farko a fizik shi ne ba a ƙirƙirar ƙarfi kuma ba a kashe shi, siffa kawai yake sakewa. Garkar kawu ta isa misali. Kakanmu da jigo ya ba ta ruwa. Rana ta haska gero, gero ya zama fura, fura ta zama ƙarfin damtse, damtse ya ɗago guga. Ashe shi ma da rana yake ban ruwa, ta doguwar hanya ce kawai, kuma mai yawan yoyo, don shuka a gona ba ta kama fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 na hasken da ya sauko mata.

Da injin isansi ya zo, ran mutane ya yi sanyi, amma shi ma ranar ce. Man fetur ragowar ƙananan halittu ne da suka sha hasken rana, suka mutu, ƙasa ta binne su ta matse su shekaru miliyoyi. In ka zuba mudu huɗu na ƙarfi a irin wannan inji, da ƙyar mudu ɗaya yake zama aiki. Sauran ukun su ne zafin da ke hana ka dafa jikinsa, da ƙarar da ke hana ka jin sallama, da hayaƙin da ke bin iska. Murhun duwatsu uku da iyayenmu mata suke girki a kai ya fi haka asara: abin da ke shiga tukunya bai wuce kusan ɗaya cikin goma ba, saura ya ɗumama tsakar gida ya sa su hawaye. Tsohon ampul mai zare shi ma zafi ya fi bayarwa, hasken ɗan kaɗan ne, shi ya sa ake ƙonewa in an taɓa shi. Pano kuwa, da tsakar rana in sama ta yi garau, kowane murabba'in mita yana karɓar kusan wat 1000 na haske, yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar ya zama kuran. In ƙurar hunturu ta rufe shi ko ya yi zafi ƙwarai, aukinsa ya ƙara raguwa.

Darasi na biyu ya fi na farko nauyi. Duk lokacin da ƙarfi ya sake siffa, wani ɓangare yana zama zafi ya watse, kuma ba mai iya tattaro shi ya sake sa shi aiki kamar da. Bai ɓace daga duniya ba, amma ya ɓace mana. Toka ba ta komawa itace. Saboda haka babu injin da aukinsa ya cika ɗari bisa ɗari, kuma ba za a taɓa ƙera shi ba. Wannan asarar dole ce, ba laifin kowa ba ce, kamar ƙaiƙayin da ke fita in ana sussuka. Ruwan da na ga yana bin hanyar shanu kuwa daban yake, don da hannu ɗaya ana iya tsayar da shi. Na farkon maganar auki ce, na biyun maganar tattali.

Randa da rijiya

A littattafai an raba makamashi gida biyu, mai sabuntuwa da marar sabuntuwa. Ni na fi gane shi da randa da rijiya. Randa abin da aka zuba mata kaɗai gare ta, kowane moɗa ka ɗiba ya ragu ke nan. Kwal ɗin Anu Araren da kamfanin SONICHAR yake ƙonawa don ba Arlit da Agadas wuta randa ne. Man Agadem da matatar SORAZ take tacewa a Damagaram tun 2011 randa ne. Uraniyom ɗin Arlit ma haka, kuma mun ga gindin wata randar da idonmu, don ma'adinin COMINAK na Akuta an rufe shi a 2021 bayan abin da ke ciki ya ƙare. Rijiya kuwa tana tsatsowa. Ka ɗiba da safe, ka dawo da maraice ka tarar ta tara.

Amma duk wanda ya taɓa jan guga ya san rijiya ma tana da iyaka. Tana tsatsowa da nata saurin, kai kana ɗiba da naka. In naka ya wuce nata, laka za ka jawo. A nan ne rabon littafi yake yaudararmu, don yana sa mu ɗauka sabuntuwa tambari ne da aka buga wa abu tun fil azal. Itace ya isa shaida. A takarda mai sabuntuwa ne, tun da ana sare shi ya yi toho. To ku tambayi kakanninku mata inda suke samo itacen girki suna ƴan mata, ku gwada da inda ake zuwa yanzu. Itacen bai sake hali ba, gatari ne ya fi toho sauri.

Kuma abin yana juyawa ta ɗaya gefen. A ƙasar Maraɗi, daga shekarun 1980, manoma suka fara barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe maimakon su ƙone shi, abin da ake kira sassaben zamani. Da haka gawo da kalgo suka dawo a miliyoyin hekta a kudancin ƙasar nan. A kwarin Magiya, daga 1975, aka dasa layukan bedi don tare iska, daga baya mutane suka riƙa samun itace daga rassansu. A ƙasar Illela, ƙarshen shekarun 1980, manoma suka ɗauki haƙan tassa a fako, ramuka ƙanana da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama ya nutse, ƙasar da aka yanke wa ƙauna ta sake ba da hatsi. Waɗannan duk a ƙofar gidanmu aka yi su. Abin da suke nunawa shi ne, ban da rana da iska, yawancin abin da muke kira mai sabuntuwa yana sabuntuwa ne gwargwadon yadda muka ba shi lokaci.

Yanzu mu koma garka. Rana dai kawu ba zai iya ƙarar da ita ba, ko pano dubu ya kafa. Amma ranar ba ita yake zuba wa albasa ba. Ruwan da ke ƙarƙashin fadamarmu damina ce take zuba shi, wata uku zuwa huɗu a shekara, sauran watannin ɗiba kawai ake yi. Ga famfo da ba ya gajiya an ɗora shi a kan ruwa mai iyaka.

Gaskiyar kawu

Kada wani ya karanta wannan ya ce ɗan lakkol ya zo yana kushe pano. Wallahi da ni ne da bijimin, ni ma da na sayar. Ku tuna 2023. A ranar 29 ga Mayu sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya ce an cire tallafin mai, farashi ya kusan ninka uku a can. Mu da man da muke zuba wa injuna ta Illela ta Sakkwato yake shigowa Konni a bido, nan take muka ji a jikinmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, a farkon Agusta kuma Najeriya ta katse layin wuta, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da ƙasar nan take sha daga can yake zuwa a lokacin. Sai a Maris na 2024 aka buɗe iyakar aka maido wutar. Mu da muke Yamai da fitilar talho muka yi bita. Manomi kuwa, albasa ba ta san takunkumi ba, in ta kwana biyu ba ruwa ta sunkuya.

Wanda ya ga wannan ya san pano ya wuce maganar sauƙin kuɗi, ƴanci ne. Ba mai rufe wa rana iyaka. Kuma ba yau aka fara ganin haka a ƙasar nan ba. Jami'ar da nake karatu sunan Abdou Moumouni Dioffo take ɗauke da shi, masanin fizik haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL, ya yi ta aikin na'urorin dafa ruwa da girki da zafin rana har ya rasu a 1991. Tashar rana ta farko da aka haɗa da layin wutar ƙasa a Malbaza take, nan kusa da mu, megawat 7, an buɗe ta a Nuwamba 2018. Ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta biyo baya a 2023, ta kuma rage mana duhu lokacin da ake tsananin bukata. Saboda haka kawu yana kan hanya. Inda muka rabu da shi ƙarami ne, amma a kansa rijiyar dattijon nan take.

Tarkon auki

Lokacin tsohon inji kawu bai taɓa barin ruwa ya bi hanya ba. Da fangali na ƙarshe ya cika yake rugawa ya kashe, har yana yi wa yara faɗa in sun yi nawa. Na daɗe ina ɗauka tattalin ruwa yake yi. Ashe tattalin isansi yake yi, ruwan ya ci albarkacinsa ne kawai. Tsadar mai ita ce makullin famfo. Da aka cire tsadar, makullin ya tafi da ita.

Wannan ba halin kawu ba ne shi kaɗai. A 1865 wani masanin tattalin arziki na Ingila, William Stanley Jevons, ya lura cewa da aka ƙera injunan tururi masu cin kwal kaɗan, kwal ɗin da ƙasar take ƙonawa ƙaruwa ya yi, don aiki da inji ya yi araha kowa ya shiga. A jihar Punjab ta Indiya gwamnati ta daɗe tana ba manoma wutar ban ruwa kyauta. An noma alkama da shinkafa masu yawa, amma ruwan ƙasa ya yi ta nutsewa, kowa yana ƙara zurfin rijiya, wanda ba shi da kuɗin ƙarawa ya fita daga noma. Mu ma mun san shi a aljihunmu: ranar da aka yi maka kyautar kiredi ranar kake kiran wanda ba ka da abin faɗa masa.

To ga amsar da ban iya ba kawu ba a garka. Ɓarna ba ta bukatar a ce ka saya. Ma'auninta shi ne ko abin da ka zubar akwai mai bukatarsa. In hasken rana ya faɗi a fako ba wanda ya kama shi, ba a tauye kowa ba, gobe wani zai fito. In ruwan ƙasa ya bi hanyar shanu rana ta shanye rabinsa, an rage rabon wani, ko da ba ka san sunansa ba. Wani lokaci maƙwabcinka ne mai gajeriyar rijiya. Wani lokaci kai ne da kanka a watan Afrilu, sa'ad da albasa take ƙosawa ruwa kuma ya yi ƙasa. Tun muna makarantar allo malamai suke hana mu zubar da ruwan alwala ko da a bakin kogi muke. Da can ina mamaki, mi kogi zai rasa? Yanzu na fahimci hannun ake koya wa tsayawa, don hannun da ya saba zubarwa a bakin kogi haka zai yi a bakin rijiya.

Wata suka da ta cancanci amsa

Da na karanta wa abokaina wannan rubutu a ɗaki, ɗaya ya ce: "Kai dai ka cika wa'azi. Ƙasashen da suka ƙone kwal shekara ɗari biyu suka ɗumama duniya suna can suna shan iska mai sanyi. Uraniyom ɗinmu tun daga 1971 ya yi shekaru da yawa yana haska gidajen Faransa, mu ko a nan kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran a gida. Sai yanzu da talaka ya samu ruwa ya wadata za ka ce ya tsuke hannu?"

Maganarsa tana da ƙarfi, kuma na yarda da yawancinta. Nijar ba ta cikin waɗanda suka ɓata sararin sama, kuma abin da muke bukata ƙarin wuta ne mai yawa: a asibiti, a lakkol, a wurin niƙa, a wurin ajiyar albasa don kada ta ruɓe kafin farashi ya tashi. Ba na cikin masu cewa talaka ya zauna a duhu don duniya ta huta. Amma abokina ya haɗa tattali da rowa, Hausa kuwa ta raba su. Marowaci yana hana kowa har da kansa. Mai tattali yana ci ya ƙoshi, ya rufe sauran don a samu na gobe. Kashe famfo bayan albasa ta ƙoshi bai rage wa kawu ko ƙwaya ɗaya ba. Hasali ma ruwa in ya yi yawa yana wanke taki yana ruɓar da saiwa. Sannan wanda ruwan nan ya kuɓuce wa ba Bature ba ne, dattijon da ke zaune bakin rijiya ne yana jira ta tara. Laifin da manyan ƙasashe suka yi mana gaskiya ne, sai dai ba zai ƙara wa rijiyarsa ko guga ɗaya ba.

Game da randunan da muka gada, wato mai da kwal da uraniyom, ni ban ce a rufe su a zauna ba. Tambayata ita ce mi ake saye da su. Wanda ya sayar da gonar gado ya yi biki, shekara ɗaya za a tuna da shi. A nan kawu ya fi mu dabara ba tare da ya shiga aji ba: ya ɗauki bijimi, abin da ake ci sau ɗaya, ya mayar da shi abin da zai yi shekara ashirin ko fiye yana ba da ruwa. In ƙasa ta yi haka da gangunan manta, jikokinmu ba za su zage mu ba ranar da suka leƙa randa suka tarar da ita wayam.

Kuma kada mu manta pano ma ba daga sama ya faɗo ba. An haƙo ma'adinai an ƙone makamashi kafin a ƙera shi, yana tsufa, batir ɗin da ake haɗawa da shi a gidaje kuwa ƴan shekaru yake yi ya mutu. Cikinsa akwai dalma, guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, amma a garuruwanmu za ka ga mataccen batir a bola yara suna fasa shi. Wannan ma wurin tattali ne da auki ba zai yi mana ba.

Abin da ya rage namu

Injiniyoyi suna ta aikinsu, kowace shekara pano yana ƙara auki yana rage tsada. Ana sayen auki a kasuwa, ana ɗora shi a mota a kawo Galmi. Tattali kuwa ba a shago yake ba, kuma in abu na jama'a ne, tattalin mutum ɗaya bai isa ba. In kawu ya kashe nasa sauran huɗun suka bar nasu, shi ya yi hasarar da ba ta amfani kowa ba. Dole sai an zauna. Ba sabon abu ba ne gare mu: a filin noman rani na Konni, da ake ba ruwa daga madatsun Mozage da Zango, manoma sun san kowa da ranar ruwansa. Masu foraji a garake su ne ba su da irin wannan tsari, don kowa yana ganin rami nasa ne, alhali ƙarƙashin ƙasa ba shinge.

Mu ƴan makaranta akwai ɗan abin da za mu iya. Igiya mai ƙulli da kaye guda sun isa a riƙa auna zurfin ruwan rijiya kowace Juma'a a rubuta, daga kaka har bazara. Bayan shekara biyu ko uku, mai gari da sarkin noma za su sami abin dubawa in gardama ta taso, maimakon kowa ya rantse. Za mu iya bayyana wa iyayenmu da Hausa abin da aka koya mana da Faransanci, da kalmomin da suka riga suka sani. Ni na gwada ce wa kawu rendement, ya yi mini kallon wanda ya sha rana. Da na ce auki, bai tambaye ni ma'ana ba. Za mu kuma iya tuna wa masu pano cewa wanda yake ɗiba da sauri shi ya fi cancanta ya taimaka a haƙa tassa da rabin wata a tudu, don abin da damina ta kawo ya nutse maimakon ya gudu.

Daren da zan komo Yamai na sake ɗauko zancen a tsakar gida, cikin ladabi, don yaro ba ya koya wa babba noma. Kawu ya yi shiru yana jin rediyo. Inna ce, yayarsa, ta sa baki daga bakin murhu ta ce, "Kai dai ka tuna shekarar da injinka ya mutu, a rijiyar wa ka ɗibi ruwa har ka cire albasa?" Bai amsa ba, ya ƙara muryar rediyo.

Makon jiya na kira gida. Ƙanena ya ce kawu ya gina ɗan kwarmin siminti, in ya cika yana kashe famfo, da yamma kuma yakan ja tiyo ya tsallaka wa dattijon fangali biyu uku. Sauran garaken huɗu suna nan yadda na bar su, rijiyar dattijon kuma har yanzu kafin azahar take ƙafewa. Na ce wa ƙanena ya nemi igiya ya ɗaura mata dutse, ni zan aiko masa da kaye. Wanda garinsu ake noman rani a cikinku, in ya je hutu ya leƙa rijiyar maƙwabci kafin ya yaba panon gidansu, sannan ya zo mu haɗa abin da muka gani a fitowa ta gaba.